Idan Gemun Maƙwabcinka Ya Kama Wuta

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta shayi a nan unguwar Albarika, sai wani ƙanenmu ya miƙo mini wayarsa yana ƙyalƙyala dariya. Ya ce, "Mushe, don Allah duba abin da mutanen nan suke yi da sunan addini." Na karɓa. Tsohon hoto ne da ya sake yawo a WhatsApp, na faston nan ɗan Afirka ta Kudu, Lethebo Rabalago, wanda a 2016 ya riƙa fesa wa mabiyansa maganin ƙwari a fuska wai yana warkar da su, har kotu ta same shi da laifi a 2018. Wayar ta zagaye majalisa, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce alhamdu lillahi da Allah ya yi mu Musulmi. Wani ya ce ai dama haka abin nasu yake. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi dariya. Amma kafin a zuba shayi na biyu dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, don na tuna da wani benci a ajina da ya yi wata biyu babu kowa a kansa.

Bencin wata yarinya ce 'yar CM2, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda nake sa ran za ta ci jarrabawar CEP ba tare da wahala ba. Tana da farfaɗiya. Tana shan maganin asibiti, kuma tun da ta fara sha, sau ɗaya tak ta faɗi a aji. Iyayenta Kiristoci ne, mutanen kudu da neman abinci ya kawo Paraku. Wata maƙwabciya ce ta ja uwar zuwa wani gidan addu'a a bayan gari, inda wani mai kiran kansa annabi ya dubi yarinyar ya ce wannan ba ciwo ba ne, kakarta ce ta kama mata kurwa. Ya ce a zubar da ƙwayoyin, don shan magani rashin bangaskiya ne. Ya ce a bar ta a wurinsa ta yi azumi. Ya kuma yanka kuɗin man shafawa da na ruwan albarka, yau jikka biyar gobe jikka goma, har sai da uwar ta sayar da keken ɗinkinta.

Sau biyu ina zuwa gidan. Uwar ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni ruwa, amma maganata ba ta shige ta ba. Me Musulmi ya sani a cikin addininta? Wanda ya dawo da yarinyar nan abokin aikina ne, malamin ƙaramin aji, Kirista, wanda ke koyar da yara addini a cocinsu ranar Asabar. Ya ɗauki littafinsu muka tafi tare. Ina zaune a gefe ya yi kusan awa biyu yana buɗe mata shafi bayan shafi: inda aka gargaɗe su kan annabawan ƙarya, inda aka umarce su su gwada duk mai da'awar wahayi kafin su bi shi, inda aka tsawata wa wani da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. Har ya tuna mata cewa Luka, ɗaya daga cikin marubutan littafin nasu, likita ne. Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Bayan kwana uku yarinya ta dawo makaranta, ta rame, da tabon ƙuna a hannu inda ta faɗi kusa da murhu.

Tun ranar na daina ɗaukar wannan magana a matsayin matsalar wasu. Idan shugabannin Kiristoci suka tashi suna tsare mabiyansu daga masu koyarwar ƙarya, aikin da suke yi ya shafe mu, mu Hausawa da sauran Musulmin Paraku da Jugu. Yaransu da namu benci ɗaya suke zama. Famfo ɗaya matanmu ke ɗiban ruwa, layi ɗaya muke bi a kasuwar Arzeke. Kuma mayaudarin da ya ci kasuwa a layinsu yau, gobe zai sauya riga ya ɗaura rawani ya shigo namu.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a majalisar. "Mushe, wace koyarwar ƙarya kuma? Ai a wurinmu tushen abin ma ba daidai ba ne." To, bari in yi magana a fili. Ni Musulmi ne. Na yi imani Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa. Abokin aikina ya yi imani da wani abu daban, ya san matsayina, na san nasa, kuma babu wanda ya taɓa yi wa wani kwaskwarima a kan haka. Wannan saɓani yana nan, Allah ne zai yi hukunci a kansa. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin mutumin da ke riƙe da addinin da ya sani da zuciya ɗaya, da ɓarawon da ya mai da sunan Allah jari. Alƙur'ani ma bai zuba su a kwando ɗaya ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 82, an yabi wasu malamai da masu ibada na Nasara da rashin girman kai. A Suratut Tauba, aya ta 34, an zargi wasu da cin dukiyar mutane da ƙarya. Idan Littafinmu ya bambance, mu su wa da za mu ce duk kanwar ja ce?

Ba sai mun je Afirka ta Kudu neman misali ba. A ƙasarmu abin ya faru, kuma manya daga cikinmu sun bi labarin a rediyo. A 2009, a ƙauyen Baname da ke ƙaramar hukumar Zagnanado a yankin Zou, an kawo wata budurwa mai suna Vicentia Tchranvoukinni wurin limamin Katolika na garin, Fada Mathias Vigan, domin ya yi mata addu'ar fitar da iska. Maimakon haka sai reshe ya juye da mujiya. Yarinyar da aka kawo neman magani ta ce ita ce Allah da kansa ya sauko, wa'iyazu billahi, fadan kuma ya zama mabiyinta. Aka riƙa kiran ta Parfaite, aka riƙa kiran ta Daagbo. Dubban mutane suka riƙa tururuwa zuwa tudun Sovidji da jan ƙyalle a wuya. A 2012 ta naɗa fadan nan fafaroma da sunan Christophe na 18, ta mai da Baname kishiyar Roma.

Ku lura da abin da ya ja mutane. Ba wani zurfin ilimi ba ne. Alkawari ne guda: za ta gama da mayu. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ba abin da ke hana talaka barci kamar tsoron maita. Yaro ya mutu, maita. Kasuwa ta tsaya, maita. Mace ba ta haihu ba, an kama mata mahaifa. Limamin coci na gaskiya zai ce maka ka yi addu'a, ka yi haƙuri, ka je asibiti, amsar da ba ta da daɗin ji. Mai sabon addini kuwa zai nuna maka maƙiyinka da yatsa, ya ce kawo kaza in gama da shi yau. Wa kake tsammani zai fi tara jama'a?

Cocin Katolika bai yi gaggawa ba, wasu ma suna ganin ya yi jinkiri. An yi nasiha, an dakatar da fadan daga aiki, sannan a Janairun 2013 bishop na Abome, Eugène Houndékon, ya sanar da korar su biyun daga cocin baki ɗaya. Aka riƙa jan kunnen mabiya a majami'u cewa abin da ake yi a Baname ba na Katolika ba ne. A lokacin da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi rikicin cikin gida, faɗan neman mabiya tsakanin babban shago da ƙarami. Sai ga ƙarshen Janairun 2017. Kafofin labarai na gida da na waje suka ruwaito cewa mabiya biyar sun mutu a wajajen Porto-Novo da Adjarra, wasu da dama an kwashe su zuwa asibiti, bayan sun kulle kansu a ɗaki, sun toshe kafofin iska, sun kunna gawayi da turare suna addu'a bisa umarnin da aka ba su. Hukuma ta kama wasu daga cikin limaman cocin. Har yau cocin yana da mabiya, kuma tsarin mulki ya ba su 'yancin imaninsu kamar yadda ya ba ni nawa. Amma waɗannan biyar ba za su dawo ba.

Bari in ɗan sa rigata ta malamin makaranta a nan, don abin ya wuce maganar addini. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, ninki sama da 200. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Wannan darasin firamare ne. Kuma mu ma da hunturu muna shigar da kaskon wuta ɗaki mu ja ƙofa, don haka kowa ya kiyaye. Abin da ke ci mini rai shi ne, da wuya a ce duk cikin waɗanda suka kulle kansu a daren nan babu wanda ya san haɗarin. Amma an riga an koya musu cewa tambaya kafirci ce. Gubar da ta fara shiga ba ta gawayi ba ce.

Akwai kuma wadda ba ta kashe mutum nan take, aljihu take yankewa. Wa ya manta da ICC Services? Kamfanin da ya riƙa karɓar ajiyar mutane yana alkawarin riba har kashi 200 cikin ɗari a shekara, ya rushe a 2010. An ƙiyasta mutum kusan 150,000 ne suka zuba kuɗi, abin da ya haura sefa biliyan 150. Ministan cikin gida na lokacin ya rasa kujerarsa. Shari'ar da aka yi a kotun CRIET daga Disambar 2018 zuwa Fabrairun 2019, wadda muka riƙa ji kai tsaye a rediyo, ta ƙare da ɗaurin shekara goma ga manyan shugabannin kamfanin. Sanannun 'yan cocin Seleste ne, kuma wannan kamannin tsoron Allah, da kyaute-kyauten da suka riƙa yi a bainar jama'a, sun taimaka wajen sa mutane sakin jiki. Ba cocin nake zargi ba, mabiyansa na cikin waɗanda suka fi shan dukan. Abin da nake so mu tuna shi ne, mu ma fa mun zuba. Alhazai sun zuba, masu sayar da goro sun zuba, alhali mun san hukuncin riba tun muna makarantar allo. Kwaɗayi bai tambayi kowa addininsa ba.

Idan aka bar irin wannan ya girma, ƙarshensa mun gan shi a Kenya. A Afrilun 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola, kusa da Malindi, har suka haura 400, da yawansu yara ne. Mabiyan Paul Mackenzie ne, tsohon direban tasi da ya zama fasto, wanda ake tuhuma da umartar su su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarinsa shi ne, tun 2017 hukuma ta taɓa kama shi saboda yana hana yara zuwa makaranta. Daga nan aka fara: cire yara daga aji, hana zuwa asibiti. Shekara shida kafin a tono kabari na farko, alamar tana nan a rajistar makarantu, sunaye da jan layi a gabansu.

To, yanzu mu juyo gida, don wanda ya ce alhamdu lillahi a majalisa bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maganar ba. Tun Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana raye Musailama ya yi da'awar annabci a Yamama, kuma bayan wafati sai da aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa kafin a kashe wutarsa. A Kano, Muhammadu Marwa Maitatsine, mutumin Marwa ta Kamaru, ya tara gardawa a 'Yan Awaki yana tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo. An taɓa korar sa daga Kano a farkon shekarun 1960, ya dawo, aka zuba masa ido. A Disambar 1980 abin ya fashe, alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 ne suka mutu, kuma almajiransa suka ci gaba a Bulumkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Na Maiduguri kuwa ba sai na ba ku labari ba. Malaman da suka fito suka ƙalubalanci wannan fahimta da hujja sun biya da rayukansu: an harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin asuba a Kano a Afrilun 2007, an kashe Sheikh Albani a Zariya a Fabrairun 2014. Yau kuma abin yana ƙofar gidanmu. Tun ƙarshen 2021 ake kai hare-hare a Alibori da Atakora, kuma a Afrilun 2025 gwamnati da kanta ta ce sojoji 54 aka kashe mana a yankin gandun dajin W. Masu yin wannan ba giciye suke ratayawa ba. Ayoyinmu suke ja, da harshen da yaranmu ke ji.

Ba ma sai an kai ga bindiga ba. Mai tsibbun da ke cewa kishiyarki ce ta binne miki layu, kawo baƙin bunsuru da jikka hamsin. Mai ruƙiyar da ke dukan mara lafiya da bulala wai aljani yake duka. Saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp, wai wani mai gadin kabarin Annabi ya yi mafarki, wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga masifa, kuma haka muke turawa. Yaron da ya haddace hadisi uku a TikTok ya dawo gida yana kafirta limamin da ya yi masa huɗuba ranar suna. Idan ka cire man shafawa ka sa rubutun sha na damfara, ka cire "annabi" ka sa "malam", wallahi annabin bayan garin nan da namu 'yan uwa ɗaya ne. Dukansu suna farawa da tsoratarwa, su raba ka da danginka ta hanyar ce maka su ne maƙiyanka, su hana ka asibiti da makaranta, su ce kar ka tambayi wani malami. Kuma a ƙarshe akwai farashi.

Mene ne ke tsare jama'a? A wurin Kiristoci na ga abu biyu. Na farko, suna da ma'auni da suka yarda da shi tun dā. A shekara ta 325 manyansu suka taru a Nikiya suka rubuta aƙidarsu saboda saɓanin da koyarwar Ariyus ta jawo. Ni ban yarda da abin da suka rubuta ba, amma na fahimci hikimar a ce akwai rubutaccen abu da za a auna kowane sabon mai wa'azi da shi. Na biyu, akwai wanda ke sama da mai wa'azi. Fada yana shafe shekaru a makaranta irin ta Saint-Gall da ke Ouidah kafin a ba shi bagade, kuma akwai bishop da zai iya tsige shi, kamar yadda aka yi a Abome. Tsofaffin majami'un Furotesta ma suna da majalisunsu da makarantunsu na horar da fastoci. Inda ɓarna ta fi yawa shi ne inda mutum ɗaya ya zama shi ne mai coci, shi ne ma'aji, shi ne alƙali, babu wanda zai ce masa kai.

Akwai kuma ma'aunin da ko jahili zai iya amfani da shi. Waɗanne ne suka gina asibitin Bembereke, da na Boko a bakin Paraku, da na Ordre de Malte a Jugu, da na Tanguiéta wanda halifan Tijjaniyya na Kiota ya daɗe yana turo marasa lafiya tun daga Nijar? Kiristoci ne, kuma matanmu nawa suka haihu a can lafiya. Don haka duk wanda ya ce wa Kirista shan magani rashin bangaskiya ne, ya saɓa wa abin da Kiristocin ƙasar nan suka yi shekara da shekaru suna yi da hannunsu.

Mu ba mu da bishop, kuma ba ma neman sa. Abin da muke da shi isnadi ne. Malaman hadisi ba su karɓi magana ba sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya halinsa. Iyayenmu a zangon Paraku da Jugu idan baƙon malami ya sauka, tambayar farko ita ce: a wurin wa ka yi karatu? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu mai zafi a kan miyagun malamai, kuma da wasu mabiyansa suka fara cewa shi ne Mahadi, da kansa ya ƙaryata su a rubuce. Dubi wannan, mutum ana miƙa masa muƙamin da ya fi kowane girma, ya ture. Wannan gadon muke da shi, amma wayar hannu tana neman cinye shi. Yau ba ma tambayar wa ya karantar da mai wa'azi. Mabiyansa nawa ne a Facebook, shi ke nan isnadin.

Wasu za su ce gwamnati ta shigo ta tace masu wa'azi, kamar yadda Ruwanda ta yi. A 2018 ta kafa dokar da ta wajabta wa shugabannin addini takardar shaidar karatu, ta rufe ɗaruruwan majami'u a Kigali, a 2024 kuma ta rufe dubban wuraren ibada. Ina jin daɗin maganar a kunne, amma ina tsoron ta. Ƙasarmu ta ɗanɗana irin wannan a zamanin juyin juya halin Kérékou, lokacin da gwamnati ta karɓe makarantun mishan ta kuma shiga farautar mayu da kanta, aka wulaƙanta tsofaffi da yawa. Kuma ba mu manta da farkon 2017 ba, da aka hana yin ibada a kan titi, abin ya faɗo a kan sallar Juma'a a Kwatano, sai da limamai suka gana da shugaban ƙasa. A ƙidayar 2013 Musulmi kashi 27.7 ne cikin ɗari na al'ummar ƙasa, mu Hausawa kuma 'yan tsiraru ne a cikin wannan ma. Ranar da aka ba wani jami'i ikon cewa wannan aƙida daidai ce, wannan ba daidai ba, ba mu da tabbacin a kan wa sandar za ta sauka. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma, kuma kowa yana da 'yancin addininsa. A bar shi haka.

Aikin hukuma shi ne laifi, ba aƙida ba. Wanda ya ce shi Allah ne, tsakaninsa da Mahaliccinsa, malamai su ba shi amsa. Amma wanda ya tsare yarinya ya hana ta maganinta, wanda ya doki mara lafiya, wanda ya karɓi kuɗi da yaudara, wanda ya nuna tsohuwa ya ce mayya ce har aka far mata, wannan na 'yan sanda da alƙali ne, ko da giciye ya zo ko da carbi. Dokokin suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kai ƙara, don kowa yana tsoron a ce ya taɓa bawan Allah.

Sauran aikin namu ne, kuma yawancinsa ba ya bukatar ko dala. Mu daina tura hotunan nan muna dariya, don duk lokacin da Kirista ya ga Musulmi yana yi wa addininsa ba'a, sai ya ƙara ƙanƙame mayaudarin da ke cikin gidansa, kamar yadda mu ma muke yi idan aka zagi namu. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, saboda abin da zagin ke jawowa. Limamanmu su fito su ambaci damfarar tsibbu da ruƙiyar duka a huɗuba da sunanta, ba da habaici ba. Su faɗa wa mutane cewa farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba ta yaɗuwa ta miyau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani daidai. Addu'a ba ta hana ƙwaya, ƙwaya ba ta hana addu'a. Kuma a garin da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo da kansa ya zauna da shugabannin Musulmi ranar 4 ga Fabrairun 1993, bai kamata a ce limamin unguwa da fadan unguwa ba su da lambar wayar juna ba. Ba don su haɗa addini ba. Don idan wani sabon "annabi" ko sabon "shehi" ya kama hayar gida a bayan gari ya fara tara yara, labari ya isa kunnen kowa da wuri.

Yarinyar nan ta koma kan maganinta, kakarta ma ta zo daga kudu aka sasanta, ko da yake keken ɗinkin bai dawo ba. Amma ban gaya wa 'yan majalisa duka labarin ba, don kunya ta hana ni. A ajin nan nawa akwai wani benci na biyu. Yaro ne namu, ɗan gidan Musulmi, uban muna sahu ɗaya da shi a masallaci. Ya fara firgita da dare, sai aka kai shi wurin wani malami a wani ƙauye kan hanyar Jugu, wanda ya ce aljana ce ta aure shi, kuma karatun boko ne ke ƙara mata ƙarfi. An ba da rago, an ba da kuɗi. Yau mako bakwai ke nan. Na je wurin uban, ya ce mini, "Mushe, kai lakwal ka sani, wannan ba fagenka ba ne." Ya yi gaskiya, ba fagena ba ne. Abin da nake bukata shi ne irin abin da uwar yarinyar nan ta samu: wani wanda uban ke girmamawa, ya ɗauki littafi ya zauna da shi awa biyu ba tare da ɗaga murya ba.

Na yi wa malamai biyu magana. Ɗaya ya ce ba ya shiga tsakanin malami da malami. Ɗaya ya ce in sha Allahu, har yau ina jira. Ranar Alhamis mai zuwa da yamma zan sake komawa gidan, kuma babur ɗina yana ɗaukar mutum biyu. Duk malamin da ya karanta wannan a Albarika ko Zongo, ya ga zai iya raka ni, ya bar saƙo a wurin editan wannan shafi. Rajistar jarrabawa ba za ta jira yaron ba.